Ba Kalar da Aka Gani a Waya Ba

Idan aka yi ɓarna a gida, kowa kuma yana iya rantsuwa ba shi ya sa aka yi ba, a wuyan wa za a rataya ta? Allah kaɗai ya san amsa. Mizanur dai ya juya tambayar har ta gaji da shi.

Da hantsi mai kai kaya ya tsayar da babur a ƙofar gidansu da ke Tangail, ya soma sauke ƙunshi ɗaya bayan ɗaya.

"Mizan bhai, ga 'ya'yanka sun dawo. Sun ce ba su iya baƙunta ba."

"Duka?"

"Duka. Wata mata ta buɗe nata a bakin ƙofa, ta ɗaga waya, ta ɗaga zanen sarin, ta ce ko makauniya na ɗauke ta? Ruwan hoda ta gani, ja ka aika mata. Kuɗi kuwa ko taka ɗaya ba ta ba ni ba, ga bene na hau da azumi a bakina."

Mizanur ya yi tsaki. Haka cinikin yake, sai kaya sun iso hannu ake biya, wanda ya fasa kuma babu yadda za ka yi da shi.

Ajiye aikinsa ya yi a kamfanin ɗinki na Gazipur, ya zuba abin da ya tara cikin cinikin zannuwan sari na masaƙan garinsu, ya buɗe shago a intanet da sunan 'yarsu Tuni. Matarsa Shiuli ke ɗaura kayan tana nunawa kai tsaye, shi yana riƙe da waya. Ya biya kuɗin talla, ya roƙi dangi su yaɗa, har limamin unguwa sai da ya tura wa. Masu kallo suka zo, amma ba saye ya kawo su ba. Sai dai su rubuto wa Shiuli, suna kiranta Apu, wato 'yar'uwa.

"Apu, wuta aka ɗauke muku? Ba ma ganinki."

"Sarin ya yi kyau. Ba ki da ƙanwa fara ta ɗaura mana?"

Shiuli takan yi dariya ta ci gaba da faɗin farashi. Shi kuwa sai ya ji kamar ya daka wayar a turmi. Cikin wannan takaici ya gano wani maɓalli a wayar da ke haska fuska. Ya danna, bai gaya mata ba. Kafin mako ya zagayo oda ta fara shigowa. Abin da bai lura ba shi ne, maɓallin bai san bambancin fuska da zane ba, duk abin da ya tarar wankewa yake yi.

Shiuli ta fito daga kicin, ta dubi ƙunshin, ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo.

"Baban Tuni, wace ce wannan farar da ta sa mini kaya? Ko uwar da ta haife ni ba za ta gane ta ba."



* * *

Washegari yayarsa Rehana ta zo, ta rufe fuska da gyale saboda rana. Da ta yaye sai ga kumatu jajur, fata ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi. Ta fito da 'yar kwalbar man shafawa mara suna ta ajiye a kan tabarma.

"Matsalarku ƙarama ce. Waya tana wanke mutum da zane. Wannan kuwa, mutum kaɗai yake wankewa."

"Apa, ɗauke abin nan!" in ji Mizanur. "Dubi fuskarki fa. Ko gaban murhu ba kya iya tsayawa."

"Da wannan fuskar na sami miji mai gidan bene, har da mai dafa mini abinci. Kai da gaskiyarka me ka samu? Ɗaki cike da sari."

"Guba ce."

"Talauci kuma zuma ce, ko? Yaro man kaza."

Mizanur ya tashi tsaye. Shiulin nan ya aura bayan mahaifiyarsa ta rantse ba za a kawo mata baƙa kamar gindin tukunya gida ba. A jirgin fito ya fara ganinta, ta ba shi baya, kitsonta a gefe, rana tana sheƙi a ƙeyarta. Ya ɗauki kwalbar ya cilla ta bayan gida, wajen kududdufi.

"Wallahi hannuna ba zai taɓa shafa wannan a jikin kowa ba, kuma ba zai kwana a gidan nan ba."

Shiuli tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

* * *

Ya kashe maɓallin, ya koma kan gaskiya. Ya rage farashi. Ya ce kai kaya kyauta ne. Ya ce wanda ya sayi biyu a ƙara masa gyale. Ya rataya sari a igiya ya ɗauki hoto, ba wanda ya ko tanka. Ya nemi wata fara ɗalibar kwaleji, ta faɗi kuɗin awa ɗaya, ya yi mata sallama ba tare da ya taya ba. Azumi yana tafiya, wanda bai sayar kafin salla ba kuwa sai baɗi. Wani abokinsa ya bugo daga Gazipur ya ce keken ɗinkinsa yana nan bai sami mai hawa ba tukuna.

"Wai mutanen nan sari suke saye ko mace?" ya faɗa wata rana, yana jifa da wayar kan katifa. Ya dubi tarin kayan, ya dubi matarsa. "Da dai a ce..."

Ya haɗiye sauran. Ita kuwa ta riga ta ji.

Bayan 'yan kwanaki ya lura goshinta ya fara washewa. Ya ce a ransa azumi ne. Sai kumatu suka biyo baya. Ya ga tana kauce wa tururin tukunya, ya kau da kai. Oda ta fara shigowa, ja ya tafi a ja, ko ƙunshi ɗaya bai dawo ba. Mai babur har ya daina yi masa ba'a. Mizanur bai tambaya ba, domin ya san in ya tambaya za a gaya masa.

Ana saura 'yan kwanaki salla, suna tsaka da nuna wani sari mai bakin zinare, Shiuli ta juya don a ga yadda ya zauna a baya. Rubutu ya hau kan allo:

"Apu, fuska fara, wuya baƙi? Kai aka dasa miki?"

Masu dariya suka biyo baya a jere.

Bayan shan ruwa, Tuni ta fita wasa gidan maƙwabta, Shiuli ta shigo ɗaki ta zauna a gabansa, ta ba shi baya. Ta kawar da kitsonta gefe. Ta miƙo kwalbar ta kan kafaɗa, har yanzu da busasshen taɓo a murfin.

"Hannuna ba ya kaiwa daidai. Dabbare-dabbare yake yi."

Ya dubi ƙeyar. Nan ne kaɗai ya rage.

"Ni ban ce ki yi ba, Maman Tuni."

"Na sani. Ba wanda ya ce."

Wayar ta yi ƙara a kan katifa, wata oda ta shigo. Ta sake yin ƙara. Mizanur ya buɗe murfin, ya lakato da yatsa. Man yana da sanyi. Ya fara daga ƙasa, a hankali, don kada ya bar wani wuri a baya.