Ba a Godiya Kan Magani

Kwana biyu ke nan Luzia ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Haƙorinta ne ya ruɓe, kunci ya kumbura, ga jirgin ruwan likita ba zai biyo ta ƙauyen ba sai Alhamis. Uwarta Jucilene ta girgiza kwalbar maganin kanti, babu ko ɗigo. Ta saɓa yarinyar da ke ta kuka a kafaɗa, ta bi gadar katako zuwa gidan Dona Zuleide, tsohuwar da ke jiƙa magani.

Ƙafarta sai nauyi take. Watan jiya a bakin kogi, gaban mata masu wanki, tsohuwar ta miƙa wa Luzia furen jambu, wani tsiro mai kashe zafin haƙori, ta tauna. Jucilene ta kaɓe shi cikin ruwa, ta ce 'yarta ba akuya ba ce da za a riƙa cusa mata ciyawa. Har dariya aka yi.

"Sannu da gida, Kaka."

"Wa nake gani haka? Yau akuyar ta ji yunwa ne?"

Jucilene ta sunkuyar da kai. "Haƙori ne. Tun shekaranjiya ba ta ci ba."

Tsohuwar ta yafito Luzia. "Zo nan, ƙawata, buɗe in gani. Wannan rami ai kwale-kwale ma ya shige."

Ta ɗauko kwalbar jiƙon furen, ta tsoma auduga, ta danna a kan dasashin. Luzia ta yamutsa fuska, miyau ya zubo.

"Mama, harshena na rawa."

"Bar shi ya yi rawarsa," in ji tsohuwar.

Can sai kukan ya tsaya. Kafaɗun yarinyar suka saki, ta shiga leƙen tukunya.

"Zafi kawai yake kashewa, ba ya cike rami. Alhamis ki kai ta wurin likitanki."

Jucilene ta karɓi kwalbar da hannu biyu. "Kaka, ban san da wane baki zan yi miki..."

"Kul. Uwarki ba ta gaya miki ba a godiya kan magani ba? Ki gode ya daina ci, gobe ki ce ni na cuce ki."

Jucilene ta sani sarai, kunya ce ta mantar da ita. Ta haɗiye maganar.

"To abin da na faɗa ran nan fa..."

"Matsa min, zan zuba wa yarinya abinci."

Luzia ta zauna a ƙasa da kwanon romon kifi da garin rogo, tana taunawa da ɓari guda. Jucilene ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta durƙusa tana tsince mata ƙaya.