Babban Yatsan Malam Dabo

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye daga Kunci har Dawakin Tofa, Nababa yana Kano yana wasan kwaikwayo a talabijin. Shekararsa goma sha ɗaya bai taɓa fitowa a mutumin kirki ba. In ba ɓarawon akuya ba, to mahauci mai sayar da mushe. Fuskar ce ta ja masa, Allah ya yi shi da ido ɗaya a kanne.

Da aka kawo masarar agaji ƙauyensu, Malam Dabo aka damƙa wa rabo. Kowa ya san yana cusa babban yatsa cikin tiya in zai auna, abin da yatsan ya tare kuma rumbunsa yake tafiya. To wa zai tanka, ga yunwa? Da layi ya zo kan Inna Hure, mahaifiyar Nababa, sai ya kife tiyar.

"Ke da ɗanki ke cikin akwati? Je ki ce ya miƙo miki tuwo ta gilashi."

Kwana uku tsohuwar nan tana cin tafasa, ko ƙuli babu.

Nababa ya ji, sai ya taho ƙauye. A lokacin 'yan wasa da tufafinsu suke zuwa, magana ma kowa daga kansa yake zarowa. Ya lallaɓa wurin dillaliya Safara'u ya sayi tsohuwar rigar Dabo mai ƙunar rushi a kafaɗa. Sati biyu yana koyon yadda mutumin yake kaki da yadda yake sosa kunne da makulli. Sannan ya koma Kano ya fito a mai rabon agaji.

Talabijin ɗaya ce a garin, ta Dabo, da batirin mota take aiki a ƙofar gidansa. Ran da za a nuna wasan, Nababa ya zo ya raɓe a gefe. Ga mai rabo a akwati, ga kaki, ga makulli, ga yatsa tsundum a tiya. Jama'a suka shiga satar kallon maigidan. Shi kuwa har da buga ƙafa don dariya.

"Nababa, ina ka samo wannan azzalumi? Irinsu ne suka hana ruwa sauka."

Ka ji mutum. Nababa ya tashi bakinsa na ɗaci.

Ranar rabo ta zagayo, sai ya saka rigar, ya ɗauki ƙwaryar uwarsa ya shiga layi. Da ya iso gaba, Dabo ya ɗago, idonsa ya sauka kan ƙunar kafaɗa, makullin ya tsaya cak a kunnensa. Wata daga baya ta yi kaki, layin duka ya ɗauka.

"Malam, tuwon ya ƙi miƙuwa ta gilashi," in ji Nababa. "Zuba wa Inna. A fitar da yatsan."

Dabo ya zuba har ta yi tozo.

Washegari Dagaci ya karɓe tiyar. Har Dabo ya bar duniya, in zai gaisa da mutum sai ya naɗe babban yatsan cikin tafi.