An Sauke Kyaftin

Tun da ƙaramin ɗansa ya rasu, Kyaftin bai ƙara barcin kirki ba. Jirgin sama dai yana tuƙa shi lafiya lau, amma da an fara gangarowa za a sauka sai ƙirjinsa ya ɗaure, gumi ya jiƙe masa riga, har mataimakinsa ya riƙa satar kallonsa.

Matarsa ce ta matsa masa. "Baban yara, ka je ka ga likita. Rayukan mutane ne a hannunka."

Ya fara shawartar Dogo, abokinsa tun makarantar koyon tuƙin jirgi. Dogo ya ja shi bayan motocin ma'aikata, ya rage murya. "Kai, rufa wa kanka asiri. Likitar kamfani ta kamfani ce, ba taka ba."

Kyaftin bai ji ba, ya je. Likitar ta saurare shi tsaf, ta miƙa masa ruwa, ta ce ya yi jarumta. Kafin ya kai bakin get an dakatar da lasisinsa.

Aka ba shi tebur a wani ɗaki marar taga, yana tsara wa sauran matuƙa ranakun aiki. Waɗanda a da suke miƙewa su gaishe shi, yanzu in ya shigo kantin cin abinci sai hira ta mutu. Wani ya laƙaba masa Kyaftin Kujera, sunan ya bi shi har wurin masu gadi. A gida kuma yayarsa ta zo takanas.

"Ƙato da kai ka je gaban mace kana kuka? Mu ba mu binne 'ya'ya ba ne?"

Ya ci gaba da shan maganin da likitar ta rubuta masa. Maganin kuwa ya karɓe shi. Barci ya dawo, hannu ya daina rawa, har ya iya shiga ɗakin yaron ya kwashe kayansa. Da shekara ta zagayo ya nemi a mayar da shi bakin aiki.

Ranar da kwamiti ya zauna, Dogo ne a tsakiya, don an naɗa shi shugaban matuƙa. Manaja ya ce ƙa'idar kamfanin a fili take: mai shan wannan magani ba ya tashi, wanda ya daina sha kuma ya ƙi bin umarnin likita ke nan.

"To ya zan yi, ranka ya daɗe?"

Manaja ya dubi Dogo. Dogo ya gyara hula, bai ɗago ba. "Ɗan'uwana ne, kowa ya sani. Amma tsakani da Allah, ni ba zan sa 'ya'yana a jirginsa ba."

Aka tashi.

Kyaftin yana wanke fuska a banɗaki sai ga Dogo. Ya leƙa ko'ina, ya ga ba kowa, ya kunna famfo da ƙarfi. Kyaftin ya ga yatsunsa suna karkarwa a ƙarƙashin ruwan, idanunsa jawur.

"Mutumina, ka yi ƙiba fa, ka yi kyau. Wai meye sunan maganin nan naka? Matata ce ba ta barci."

Kyaftin ya gane ba don matar ba ne, amma ya faɗa masa sunan. Dogo ya maimaita a hankali don kada ya manta, ya dafa masa kafaɗa.

"Jirgin safe na gobe, ka sa ni. Fasinja sun cika."

Kyaftin ya koma teburinsa, ya sa shi.