Maganin da Aka Shanya Gefen Tattasai

Alhaji Tahiru mai sayar da magani ya ci amanar marasa lafiya. Da kogin Komadugu ya yi ambaliya ya shiga ma'ajiyarsa a Diffa, kwalayen maganin masassara suka jiƙe sharkaf. Bai ƙone su ba. Ya ɓare ƙwayoyin, ya shanya su a rana kan tabarma, gefen tattasan gonarsa. Da suka bushe ya ƙulla a leda ya ci gaba da sayarwa.

Kaltum, ƴar ƙanwarsa, ita ce mai binciken ingancin magunguna a yankin. A gidansa ta girma, shi ya kai ta lakwal, makarantar boko, da hannunsa. Ran nan aka kira ta asibiti: wani yaro ya sha magani, zazzaɓi bai sauka ba, yanzu jijjiga yake yi. Uwarsa Fatime, wadda ta yi gudun hijira daga Bosso, ta kwance bakin zane ta miƙo ragowar. Kaltum na buɗe ledar ta yi atishawa. Jan garin tattasai ne manne da ƙwayoyin.

"Ina kika saya?"

"Wurin Alhaji Tahiru, bakin kasuwa."

Kaltum ta tarar da shi zaune a ƙofar shago. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta nuna ledar.

"Kawu, ruwa ya taɓa maganin nan?"

"Ya bushe ƙarau, ƴata. Ni na riƙa juya shi. Tattasan da ake kaiwa har Kano ma haka ake masa."

"Magani ba tattasai ba ne, Kawu. Ƙarfinsa ya mutu. Ga yaro can kwance."

Ya rage murya. "Ki ce ba ki ga komai ba. In kin tona ni, da wane ido za ki kalli uwarki?"

Ana haka wata mata ta iso goye da yarinya. "Alhaji, na masassara."

Ya ɗauko leda. Kaltum ta riƙe masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Baiwar Allah, wuce asibiti."

A gabansa ta ciro waya ta kira ƴan sanda.

Yaron Fatime ya tashi bayan an sauya masa magani. Uwar Kaltum ta daina amsa gaisuwarta. An ƙone kayan Alhaji Tahiru a bayan gari, an rufe shagon, alƙali ya ɗaure shi shekara biyu.