Ruwan Allon Sallau

Shekarar da Faransawa suka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a Matameye, wani saurayi suka turo daga Damagaram ya koyar da yara, sunansa Rabo. Ya iso da akwati guda, cike da ƙananan alluna na baƙin dutse da farin alli. Shi kansa bai taɓa koyarwa da su ba. Ranar farko allin ya yi ta karyewa a hannunsa, yara na ƙunshe dariya. Da ya ɗauki tsumma zai goge rubutu kuwa sai da ya dakata, don a gidan da ya tashi, rubutu wanke shi ake yi a ƙwarya a sha, ba a kakkaɓe shi a ƙasa.

A hankali hannunsa ya faɗa. Ya iya riƙon alli, ya iya buga tebur yara su ɗaga alluna gaba ɗaya. Kai, har ya fara jin kansa! Yara suna ce masa mushe, yadda Faransawa ke kiran namiji, matan gari kuwa Malam, shi kuma bai taɓa gyara musu ba, don sunan yana masa daɗi. Sai ya ɓullo da wata dabara: ya riƙa rubuta wa kowane yaro layi guda, yaron ya tafi gida da allon ya kwaikwaya.

Sallau, ɗan Balki mai daddawa, shi ya fi kowa kyan hannu. Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kayar da shi. Rabo ya je dubiya, ya tarar da yaro yana rawar ɗari.

Ya ce, "Inna, likita ya sauka a Kance. A kai shi, kada a jira."

Balki ta ce to, ta miƙo masa allon Sallau fes. "Malam, sake rubuta masa, wancan ya ƙare."

Rabo, da wautarsa, ya ɗauka yaron ne ke kwaikwayo ko a kwance. Har daɗi ya ji. Ya rubuta. Aka yi ta aiko da allon wankakke, yana rubutawa. Wayyo, ko sau ɗaya bai tambaya ba!

Ba a kai Sallau Kance ba. Ranar kasuwa aka binne shi.

Bayan an watse zaman makoki Balki ta zo lakwal, ta tsaya a bakin ƙofa da allon a hannu. Da faɗa ta zo yi, da ya fi wa Rabo sauƙi.

Ta ce, "Malam, ban zubar da ko ɗigo ba. Safe da yamma nake wankewa in ba shi ya sha. Kwana ne ya ƙare. Amma ka faɗa mini wace aya ce, in riƙa karanta masa."

Ƙarya ɗaya ta isa ta mayar da matar nan gida da sanyin zuciya, amma Rabo ya ji tsoron yi wa maganar Allah ƙage.

"Inna, ba aya ba ce. Baƙaƙen Nasara ne, na koyon hannu."

"Me suke cewa?"

"Ba su cewa komai."

Ta daɗe tana kallon allon. Can ta sunkuya ta jingine shi da bango, a hankali, kada ya fashe.

Ta ce, "To. Ashe ruwa kawai na yi ta bai wa ɗana."