Tagar Zauren Sama

"Ki je ki rufe tagar nan," in ji Baba Kafinta karo na uku, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi.

Mai ɗinki ta mayar da shi kwance. "Baba, 'yarka ta ce kada in matsa har ta dawo da malamar asibiti."

"Ita ba ta ga hadari ba. Leƙa ki gani."

Ta leƙa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Can ƙarshen layin bishiyoyi tsohon gidan yana tsaye da bangonsa na dutse da ginshiƙai huɗu a bakin ƙofa. Shekara arba'in dattijon yana kula da katakonsa, tun da hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ta hana a buga masa ko ƙusa sai da takarda. Ita maƙwabciyarsa ce a ɗakunan ma'aikata, labulayen gidan take gyarawa.

Sakatar tagar zauren sama ta karye tun bara, takardar gyara kuwa shiru. Da igiya yake ɗaure ta. Tun da ya kwanta ciwo, mai zagayawa da baƙi kan buɗe ta saboda zafi, ya manta bai rufe ba.

Ta zauna, ta tashi. Ta jiƙa masa leɓe. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma idonsa na kan makullan da ke rataye.

"Zanen bangon zauren ya haura shekara ɗari biyu," ya ce. "In ruwa ya taɓa shi, shi ke nan. Ni dai ba inda zan je, ɗiyata."

"Ka yi alkawari?"

Ya yi ɗan murmushi. "Matakala ta tara tana motsi. Ki taka gefe."

Ta fizgi makullan ta ruga. Ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa. Ta ratsa falon da aka shimfiɗe da dutse fari da baƙi, ta wuce murhun bango mai sassaƙen ganye, ta kama matakala mai lanƙwasa tana ƙirge. A ta tara ta taka gefe.

A sama iska na buga tagar, fitilar gilashin da ke rataye a rufi tana kaɗawa. Yayyafi ya riga ya jiƙa daɓen katako, saura taku ɗaya ya kai bangon da aka zana wa tsuntsaye. Ta ja marfin, iska ta ƙwace. Ta sake ja. Igiyar ta ruɓe, ta tsinke a hannunta. Sai ta cire ɗankwalinta ta ɗaure, ta ƙulle tamau.

Ta dawo a guje, sharkaf. Babur ɗin malamar asibiti na bakin ƙofa. 'Yar na durƙushe a gefen gado, malamar tana mayar da kayan awo cikin jaka, ba ta gaggawa.

"Yanzun nan ya cika," in ji 'yar. "Muna shigowa."

Mai ɗinki ta tsaya, ruwa na ɗiga daga kitsonta. Ta matsa kusa da kunnensa.

"Baba, na rufe. Bai taɓa ba."

'Yar ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Mayafin ya gaza, ƙafafunsa suka fito, safar dama a huje wajen babban yatsa.