Takardar Aljihun Ciki

Jakar ba ta da kyau, wannan kam ko a gaban Baba na faɗa. Baƙa ce ta goyo, irin ta 'yan makaranta, hannunta ɗaya ya tsinke, Baba ya ɗinke shi da zaren takalmi. Ita ce kyautar da ya ba ni ranar da na samu aikin sakatariya a wani kamfanin buga littattafai da ke tsallaken kogi. Wasu iyayen kuwa, agogo suke saya wa 'ya'yansu.

Baba tsohon direban bas ne. Shekara talatin da ɗaya yana kan sitiyari, bai taɓa tayar da mota ba sai ya duba mai da ruwa da iskar taya. Da ya ajiye aiki ya rasa abin dubawa, sai ya dawo kaina, don mu biyu ne a gidan tun rasuwar Mama.

Ya zazzage jakar a kan tabarma yana nuna mini kayan ɗaya bayan ɗaya: takalmin roba mara tsini, tocila, gorar ruwa, rigar ruwan sama, biskit, maganin ciwon kai, filasta, da ƙaramin batirin cajin waya.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "mota takan mutu, gada takan rufe, waya takan ɗauke. Ƙafa ce kaɗai ba ta yajin aiki. Wannan jakar komawa gida ce, ki ajiye ta ƙarƙashin teburinki."

"Baba, ofis fa zan je, ba yaƙi ba."

"Akwai takarda a aljihun ciki. Ki karanta ta."

Bayan kwana biyu ya tambaye ni ko na karanta. Ina ɗaura ɗankwali, na makara, na ce, "Na karanta, Baba." Ban karanta ba. Na ɗauka lambobin waya ne da addu'ar shiga mota, kuma ban ga abin da zai sa in tsaya jin dogon bayani da sassafe ba.

Jakar ba ta yi wata uku ba ta rame. Biskit ni da abokiyar aikina muka cinye shi a makon farko. Maigadi ya ari tocila, aron da ba a dawowa da shi. Takalmin na ba mai shara, rigar ruwan ban ma san wanda ya ɗauka ba. Duk ƙarshen wata Baba zai ce in kawo ta ya yi mata sabis, ni kuma in ce na manta.

"Amma komai na ciki?"

"Komai da komai, Baba."

Ranar da abin ya faru tun asuba ake ruwa. Kafin azahar kogi ya haye gada, aka rufe ta, sabis ɗin waya ya ɗauke, oga ya ce kowa ya nemi gidansa. Na leƙa ƙarƙashin tebur na ga jakar a lanƙwashe, ba komai a cikinta. Kunya ta hana ni ɗauka, na tura ta da ƙafa can ciki. Direban kamfani ya kwashe mu huɗu a motar kai littattafai, ya zagaya da mu ta sabuwar gada mai nisa. Da la'asar na isa gida, ko gefen zanina bai jiƙe ba. Har na shirya tsiyar da zan yi wa Baba: ga ni na dawo lafiya, ba tocila ba filasta.

Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga.

"Tun da aka faɗa a rediyo cewa gada ta rufe ya ɗauki lema ya fita. Na ce Baba ina za ka a ruwan nan? Ya ce kin san inda yake."

Sai a lokacin na tuna takardar da ban karanta ba. Inda yake yana rubuce a cikin jakar da na tura da ƙafa, a tsallaken kogi.

Na je tashar bas, na je bakin gada, na je garejin abokinsa bakanike. Takalmin ofis ya yanke ni, na cire na riƙe a hannu ina tafiya ba takalmi, ina tambayar mutane ko sun ga dattijo mai farin gemu da baƙar lema. Dab da magariba na dawo gida ina kuka, sai ga mota ta tsaya. Wani mai kantin magani ne daga unguwar masu walda, kusa da gadar jirgin ƙasa, ya riƙo Baba yana fito da shi.

"'Yar'uwa, tun azahar yake tsaye a gaban kantina. Na yi na yi ya shigo, ya ce in ya shiga ba za ki gan shi ba."

Baba na rawar ɗari, haƙoransa na haɗuwa. Ya rungume wata leda a ƙirji, a ciki busasshen tawul ne da rigar sanyina. Ya dubi ƙafafuna masu taɓo, fuskarsa ta saki.

"Kin taka hanyar da ƙafa, Uwata. Ta gabana kika wuce ke nan?"

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na ce, "E, Baba. Mutane sun yi yawa, saɓani muka yi."

"Kash. Idon nan ya gama aiki. Yi haƙuri, na bar ki kin taho ke kaɗai."

Ni ya ba haƙuri. Har yau in na tuna sai in ji kamar in buga kaina da bango.

Sanyin ya sauka a ƙirjinsa. Kwana tara yana asibiti, duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labari cikin tari: jaka ta yi aiki, yarinya ta bi hanya ta kawo kanta gida. Sau uku ina buɗe baki in rufe, ina cewa bari ya ji sauƙi tukuna. Ran na goma ya cika.

Da na koma ofis na jawo jakar, na sa hannu a aljihun ciki. Taswira ce ya zana da biro, daga ƙofar kamfani har ƙofar gidanmu. Ya nuna inda kwalbati ya buɗe, da gidan da ke da kare, da matakalar da ke da santsi. Ashe da ƙafarsa ya taka hanyar kafin ya zana. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙensa na direba: "In gada ta rufe, bi ta gadar jirgi. Ina gaban kantin magani. Kada ki yi sauri, ba zan tashi ba sai kin zo."

Da aka tashi aiki ban hau mota ba. Na goya jakar, na bi zanen har gaban kantin. Minti arba'in ce tafiyar.